Sunan Ɗan Fari a Bakin Malam Buba

Har yau in na tuna ranar da na dawo daga Tsafe na tarar an ɗora bidiyon Malam Buba a shafinmu ba tare da na gani ba, sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Ku sababbi ne a aikin nan, kuma na lura kowannenku yatsansa ƙaiƙayi yake yi ya danna ya tura. To ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe.

A lokacin ni ce shugabar sashen yaɗa labarai, kamar yadda nake yanzu. Ƙungiyar ba ta kai haka ba, ɗaki uku ne kacal a Sabon Garin Gusau, saman wani shagon taya. Babban aikinmu shi ne shafin da muka buɗe a dandalin sada zumunta don ƙaryata ƙazafin da ake yi wa mutum saboda ƙabilarsa. Duk wanda ya zauna Zamfara a shekarun nan ya san abin da ɓarayin daji suka jawo. Bafulatani zai shiga mota da ledar maganin 'yarsa, sai ka ga kowa ya ja jakarsa jiki, hira ta mutu. Mu kuma muka ce ba za a shafa wa kowa laifin wasu ba.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. In ƙorafi ya zo, a bincika a tabbatar. In za a ɗauki bidiyo, mai kyamara ya ɗauko. Daga nan ya zo teburina in kalla in tace, a nuna wa mai abin ya amince, sannan kodineta ya ba da izini a ɗora. Kodinetanmu Malam Shafi'u ne, mutumin kirki, sai dai in ya ga abu zai ja jama'a ba ya iya zama a kujera.

Ƙorafin ya zo mana ne da damina, ta hannun Madam Ngozi, mai kemis a bakin titinmu. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Gusau aka haife ta, kuma in tana faɗa daga bayan labule za ka rantse Bazamfara ce. Ta hawo bene tana haki, ta dangwara mini wayarta a tebur.

"Hajiya Luba, duba wagga masiba. Yaron shagona na, Iliyasu. Sun ce shi ka kai ma ɓarayi magani daji. Yaron da ko allura ba ya saidawa sai da takardar likita!"

Hoton Iliyasu ne da malafa da sanda, wanda aka ɗauka a bikin wani ɗan'uwansa. Wani wanda har yau ba mu san shi ba ya rubuta a ƙasa cewa ga infoman da ke kai wa 'yan bindiga ƙarin ruwa da allurai. Hoton ya zagaye wayoyin Gusau, ya kai Bungudu inda iyayensa suke zaune a gefen gari. Mun bincika iyakar bincike, ba mu sami komai a kansa ba sai cewa Bafulatani ne kuma yana aiki a kemis. Mun kai rahoto inda ya dace, an karɓa. Amma mun san rahoto ba ya tsayawa a ƙofar shago ya tare mai gora. Madam Ngozi ta ɓoye shi a sitonta, cikin kwalayen magani.

Shawarar da muka yanke ita ce a ɗauko shaidar mutanen da suka san shi. Madam ta yi nata bidiyon, masu sharhi suka ce kasuwarta take karewa. Sai Malam Shafi'u ya ce a je wurin mahaifinsa. Washegari ina da taro da mata 'yan kasuwa a Tsafe, don haka aka tura Nura mai kyamara shi kaɗai zuwa Bungudu. Na bar saƙo a fili cewa kada a taɓa komai sai na dawo. Na shiga Tsafe, sabis ya ɗauke, na wuni ban san abin da duniya take ciki ba.

Sai da motarmu ta kusa shigowa Gusau da la'asar wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe shafin, ga bidiyo an ɗora, da babban rubutu a sama: mahaifin Iliyasu ya yi magana.

Dattijo ne siriri, zaune a kan buzu a ƙofar bukka. Muryar Nura ta ce, "Baba, Iliyasu ɗanka ne?" Malam Buba ya sunkuyar da kai, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Yaron Sambo na." Nura ya ce, "To Baba, mutumin kirki ne?" Ya ce, "Ku tambayi mutane." Nura bai haƙura ba, ya ce, "Faɗi sunansa, Baba, duniya ta ji." Sai dattijon ya naɗe buzunsa, ya tashi ya shige ciki.

Ga waɗanda suka tashi a birni har suka manta, wannan kunyar ɗan fari ce. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ba ya cewa nawa ne a gaban mutane. Mu Hausawa ma muna yi. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, "wancan" take ce masa. Fulani kuwa sun fi mu riƙe abin da ƙarfi, sau da yawa ma ba a hannun iyaye ɗan yake tashi ba. Iliyasu a hannun Sambo ya tashi, ƙanin Malam Buba. Shi kuma Sambo ɓarayin daji ne suka kashe shi ranar da suka kore shanunsu a wajen Rawayya, abin da ya sa gidan ya taso ya dawo gefen Bungudu. Wato mutanen da ake cewa Iliyasu yana yi wa aiki, su ne suka kashe wanda ya raine shi.

Amma je ka karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. "Ko ubansa ya tsame hannunsa." "Tsoho ya san halin ɗansa." "Ga shaida daga bakin masu kare shi." Wani ma ya yanke daidai inda dattijon ya tashi ya shige, ya sa kiɗa, ya sake shi a wayoyi. Mun fita wanke yaro, mun dawo mun ƙara masa baƙin jini da tambarinmu a jiki.

Ban tsaya ajiye jaka ba na faɗa ofishin kodineta.

"Malam, wa ya ce a ɗora wannan?"

"Hajiya, sabis ɗinki bai shiga, kuma lokaci na tahiya. Mi ag ga bidiyon? Kowa ya ga kunya ta. Ni kaina ɗan fari na, goggona ta riƙe ni. Wa ab bai san wanga ba?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba rashin sani ne ya kai shi ba, sanin ne ya yi masa yawa. Ya kalli bidiyon ya ga uba mai kunya, har ya ce idonsa ya kawo ruwa, bai taɓa kawowa a ransa cewa wanda ya riga ya ƙulla ƙiyayya zai kalli abu guda ya ga wani abu dabam ba. Nura kuma da na juya kansa, sai ya ce ai haka aka koya musu a bita, a tambayi suna da dangantaka. Na ce, "Kai kakarka tana kiran sunan babanka?" Ya ce a'a. Na ce, "To a Bungudu aka canza maka kai?"

Muka sauke bidiyon, amma ya riga ya fita hannunmu. Na zauna na rubuta dogon bayani a kan kunyar ɗan fari. Wallahi da na san abin da zai biyo baya da na adana datata. Wani ya ce wannan al'adar mutanen da ce. Wani ya ce nawa aka biya mu. Wani da na san gidansu sarai, na san uwarsa ba ta kiran sunansa, ya rubuta cewa shi bai taɓa jin wannan al'ada ba. Na kira shi a waya na ce, "Kai wane, uwarka me take ce maka?" Ya kashe wayar.

Da safe Madam Ngozi ta kira ni. Wasu samari a kan babura sun zo shago suna tambayar Iliyasu, sun ce daga Bungudu suke. Ta ce musu ya yi tafiya, suka ce za su dawo.

Na ɗauki Nura muka nufi Bungudu, wurin Malam Garba, shugaban 'yan sintirin unguwar da samarin suka fito. Na same shi a rumfa, na gaishe shi, na fara yi masa bayanin kunya. Ya ɗaga mini hannu.

"Hajiya, kak ki wahal da bakinki. Ni na san kunya ta. Da na ga tsohon nan ya tashi, na san mi yas sa. Amma yaran ga nawa an kashe musu 'yan'uwa, an ɗauke musu mata a gona, ba su jin bayani. Abin da sunka gani a waya shi sunka yarda da shi. Ina iya riƙe su zuwa ranar kasuwa. In kuna da abin da za ku nuna musu, ku kawo shi a waya, yadda kunka kawo na farin."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce.

Daga nan muka wuce gidan Malam Buba. Niyyata in nemi liman ko maƙwabta su yi magana, shi kuma in ba shi haƙuri a kan rashin ta-idon da aka yi masa. Na bar Nura da kyamararsa a bakin hanya. Dattijon ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono a ƙwarya. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Da na gama ba da haƙuri, ya ce, "Mi mutane ka cewa?"

Na so in rufe, ya ce in karanta masa. Na karanta kaɗan, ina zaɓen masu sauƙi. Ya ce in ci gaba. Na karanta wanda aka ce ko ubansa ya tsame hannunsa. Na ce masa liman zan nema ya yi magana, sai ya tambaye ni.

"In liman ya yi magana, su bar shi?"

Na ce, "Baba, ban sani ba."

"In ni niy yi hwa?"

Na ce ban zo don in sa shi abin da bai taɓa yi ba, za mu nemi wata hanya. Ya ce, "Da Sambo na raye, shi ka yi. Kira yaron naku."

Nura ya zo ya kafa kyamara, wannan karon na hana shi buɗe baki. Matan da ke leƙe ta jikin zana suka janye. Na ga wata dattijuwa ta ɗauki tulu ta fita ta bayan gida alhali randunansu cike suke, daga baya aka ce mini ita ce mahaifiyar Iliyasu. Malam Buba ya gyara rawaninsa. Bai kalli kyamara ba, gefenta ya kalla. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Iliyasu," ya ce, sai muryar ta sarƙe. Ya haɗiye, ya ci gaba. "Iliyasu ɗana na. Ni na haihe shi, shi na na farina. Bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Da guminai muka ci tun da anka kore muna shanu. Wanda duk ka neman shi, shi zo shi fara da ni."

Sannan ya ce da ni, ba da kyamara ba, "Ya isa?" Na ce ya isa, Baba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga kamar wanda ya yi noma. Bai raka mu ba, mu ma ba mu iya yi masa sallama yadda ya kamata ba. A mota Nura ya fara cewa wannan bidiyo zai yi tashe, na ce in ya ƙara magana a nan zan sauke shi.

Wannan karon aka bi ƙa'ida. Kafin a ɗora na kai wa Iliyasu a sito. Yana zaune a kan kwali, ya rame, ɗakin sai warin magani. Na miƙa masa wayar. Da ya ji kalmar farko sai ya kife ta a cinyarsa, muryar uban tana ci gaba da fita a ƙasa. Da muryar ta ƙare ya ɗago.

"Anti, ban taɓa jin sunana a bakinai ba. Wa yas sa shi?"

Na ce ba wanda ya sa shi. Amma ni da shi duk mun san abin da ya kai dattijon ga haka. Na tambaye shi ko a ɗora. Ya ce, "Tunda ya riga ya yi, kak ta zan banza."

Muka ɗora, na kuma tura wa Malam Garba kai tsaye. Ya tara yaransa ya kunna musu. An ce mini ba wanda ya yi magana a rumfar, don ko wanda ya yi kamar bai san kunya ba ya san nauyin abin da ya ji. Ranar kasuwa ta zo ta wuce lafiya. Baburan ba su dawo ba. Bayan ɗan lokaci Iliyasu ya fito daga sito ya koma bayan kanta, wasu daga cikin masu zaginsa har suna zuwa sayen maganin zazzaɓi a hannunsa ba ko kunya.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce mun ci nasara. Amma bidiyon ya yi tashen da Nura ya faɗa. Bai taɓa faruwa ba mu ɗora abu ya bazu haka. Malam Shafi'u ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce da shi za mu buɗe taron masu tallafa mana a Abuja, a haska shi a bango, a fassara shi da Turanci a ƙasa.

Ana cikin wannan shiri Iliyasu ya hawo ofis, ya tsaya a bakin ƙofata yana murza hula.

"Anti, roƙo niz zo. A sauke shi."

Ya ce tun da bidiyon ya fita Baba bai sake shiga kasuwar Bungudu ba. Yara suna bin sa suna kwaikwayon muryarsa daidai inda ta sarƙe. Tsararrakinsa Fulani ba su ce masa komai ba, kuma shirun nasu ya fi masa ciwo. Ko masallaci sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fita.

Na kai maganar gaban kodineta, muka yi ta har ma'aikatan shagon taya suka leƙo. Ya ce bidiyon ya ceci rai, zai iya ceton wasu. Ya ce shi ne hujjarmu mafi ƙarfi cewa aikinmu yana amfani, kuma in tallafi ya tsaya shafin ma rufewa zai yi. Ban ce ƙarya yake yi ba. Na ce, "Malam, mutumin nan ya fi son a cire ransa da ya faɗi abin da ya faɗa. Don ɗansa ya yi, ba don Abuja ba. Ɗan ya tsira. Da wane dalili za mu ci gaba da shanya shi?" Ya ce shi ne kodineta. Na ce ni ce mai makullin shafi. Na koma teburina na goge shi, na goge na kwamfuta, na sa Nura ya goge na kyamara ina tsaye a kansa. Na sha takardar tuhuma, na amsa ta a layi biyu. Mun yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu da Malam Shafi'u, kuma a taron Abuja hoton bita aka haska.

Kada ku ɗauka na ba ku labarin nan don ku ce Hajiya Luba jaruma ce. Gogewar tawa ba ta gyara komai ba. Watanni bayan haka ina cikin motar Tsafe, sai na ji muryar Malam Buba daga kujerar baya. Wani saurayi ne yake kunna wa abokinsa, ya mayar da shi baya, ya sake kunnawa daidai wurin sunan. Ba dariya suke yi ba, yabawa ma suke, suna cewa Allah sarki tsoho. Na juya na ce don Allah ya kashe. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, mi nai? Ai kowa na da shi."

Gaskiyarsa ce, don mu muka ba kowa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A aikin nan za ku ji kuna gefen gaskiya, kuma jin haka yana sa mutum gaggawa. Amma mu komai muka ɗora, gida muke komawa mu ci tuwo. Wanda ke cikin hoton shi ne zai shiga kasuwa gobe da fuskarsa. Don haka in kun ga na riƙe bidiyonku kwana da kwanaki ina tambayar wa ya gani, wa ya yarda, me maƙiyi zai yanka a ciki, ku yi ta gunaguninku, ba zan fasa ba. Iliyasu yana nan a kemis ɗin Madam, kuna wuce shi kullum in za ku hawo. Malam Buba kuwa har yanzu aike yake yi kasuwa.